Ƙafar Yumma Ta Ƙi Birki

Riyad, Asabar

Yaya Mutlaƙ,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aikin mai da zaman tsakiyar teku? Tunda an hana ku waya, sai ka yi haƙuri da doguwar wasiƙa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Yumma ta ce ba za a sayar da motar babanmu Yuba ba. Jar nan mai ƙofa biyu da ya saya bayan ritaya, wadda bai yi wata tafiyar kirki da ita ba har Allah ya karɓi ransa. Wai ita za ta riƙa tuƙawa. Na tuntsire da dariya, sai ta buɗe jaka ta miƙo mini lasin, da hotonta da sunanta. Tun bara ta yi shi, ba wanda ya sani! Wallahi kofin gahawa ya kusa suɓuce mini. Uwarmu fa, mai shekara sittin da uku!

Na ce mata kai ne babba, kuma ba za ka ba da makulli ba. Ta ce ka zaɓa mata makarantar koyon tuƙin irin wannan mota mai gudu, duk wadda ka ga dama. In ta ci, mota tata ce. In ta faɗi, ka sayar.

Na zagaya guda uku. Ta farko wuni ɗaya ce: dabino, gahawa, a zagaya da kai fili sau biyar, a ɗauke ka hoto da hular kwano. Can ko raƙumi aka kai zai fito da takardar shaida. Ta biyu ta mata ce zalla, tsaf-tsaf, amma rabin karatun a gaban allo ake yi. Ta uku tana bayan gari, kwana uku, kowa da motarsa, ana jiƙa kwalta da ruwa a ce ka sha kwana a guje. Malamin wani ɗan Labanan ne, Kyaftin Nadim, fuskarsa kamar an aiko masa da mugun labari. An ce cikin mutum goma da ƙyar huɗu ke tsallakewa.

Sai na ji daga gare ka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Anud

*

Teku, Litinin

Anud,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Yumma da yara.

Innalillahi! Sau uku na karanta wasiƙarki. Matar da ko kujerar gaba ba ta zama, ita ce za ta hau motar da ni kaina nake tsoro? Ba zan iya duban idonta in ce a'a ba, ke ma ba za ki iya ba. To, ɗan Labanan ya faɗa mata a madadinmu. Ki kai ta ta ukun.

Makulli yana ƙaramin aljihun tebur a ɗakina, matata za ta ba ki. Na riga na rubuta wa mai saye, zai zo ranar Alhamis ta sama. Kada ki bar ta ita kaɗai a motar ko na minti ɗaya.

Wassalam.
Mutlaƙ

*

Riyad, Lahadi

Yaya Mutlaƙ,

Sallama da gaisuwa. Ga yadda aka yi.

Ranar farko na je sa hannu a takarda, ina dawowa na tarar samari sun yi da'ira. Yumma ce a tsugune da abayarta, ta sa tsinken ashana tana sace iskar taya, har ta gama uku tana ta huɗu. Kyaftin Nadim ya taho a guje, hannu a ka.

"Hajiya! Me kike yi wa motar nan?"

"Ba gudu za a yi ba? Wa ke gudu da taya a cike?"

"Nan kwalta ce, Hajiya, ba yashi ba! So kike ki kashe mu?"

Samari suka yi ta dariya, wani har da cewa, "Gwaggo, raƙuman suna wancan ɓangaren." Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage in shige. Shi Kyaftin bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni wa ya koya mata haka. Na ce ban sani ba.

Rana ta biyu aka jiƙa kwalta. Samarin nan ɗaya bayan ɗaya motocinsu suka riƙa juyawa kamar katantanwa, har da mai maganar raƙuma. Aka zo kan Yumma. Bayan motar ya zame, na ƙwalla ihu, ita kuwa ta murza sitiyari da hannu ɗaya ta ƙara wuta, motar ta miƙe sarai. Sau shida, Yaya! Kyaftin ya fito ya ce shekararsa ashirin yana wannan aiki, wannan ba hannun ɗan koyo ba ne.

Amma ta faɗi. Gwajin ƙarshe shi ne ka taho a guje ka danne birki gaba ɗaya. Ƙafarta ta ƙi. Yana ihu, "Danna, Hajiya, danna!" ita tana lallaɓa shi kamar mai taka ƙwai, ta kwashe robobin da aka jera duka. Ya ce masu tuƙin yashi haka suke, sun san birki mai ƙarfi yana binne mota. In ta dawo mako biyu zai gyara ƙafar, amma yau ba zai sa hannu ba.

Muna isa gida ta ba ni makulli ta shige ɗaki. Ka samu abin da kake so, ni kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Wace ce wannan matar da muke kira Yumma?

Anud

*

Teku, Litinin

Yumma,

Ina gaishe ki, ina sumbatar goshinki. Anud ta rubuto mini abin da kaina ya kasa ɗauka. Don Allah, yaushe kika koyi mota?

Ɗanki,
Mutlaƙ

*

Riyad, Talata

Ɗana Mutlaƙ,

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan ruwan nan. Da hannuna nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Ina da shekara goma sha biyu nake jan motar ruwan babana a hamadar Nafud. Matan jeji duk muna tuƙi, wa zai kai wa raƙuma ruwa in maza sun tafi? A gari ne aka hana.

Ka tuna ranar da maciji ya sare ka a wurin tantuna, kana ɗan shekara bakwai? Labarin da babanka ke bayarwa a majalisa, cewa shi ya tuƙo ka har asibiti, wanda kai ma ka ba mutane ranar ta'aziyyarsa har kana kuka? Ya ɗauke ka, gaskiya ne. Amma a ruɗe yake, bai yi nisa ba ya kafe akori-kurar a yashi har gindi. Ƙafarka ta kumbura, ka daina amsa sunanka. Na ce ya koma gefe ya riƙe ka. Na sace iskar taya, na fitar da ita, na yi tafiyar kilomita tamanin ban taɓa birki ba. Da muka hango shingen 'yan sanda a bakin kwalta, sai na tsaya muka sauya kujera. A haka muka shiga asibiti, a haka kuma labarin ya shiga gari.

Kada ka ga laifinsa. A lokacin in an ji, shi za a yi wa dariya, ni a kai ni ofis. Daga baya kuma labarin ya yi masa daɗi, na bar masa. Ranar da ya sayi jar motar ya ajiye mini makulli kusa da tiren gahawa. Ni ce na ji nauyinku.

Alkawari na yi, kuma na faɗi. Ɗan Labanan bai zalunce ni ba, birkin ne ban iya ba. Mai saye ya zo jibi, zan sa a wanke masa ita.

Mahaifiyarka

*

Teku, Laraba

Yumma,

Ina gaisuwa. Tun jiya na kasa cin abinci.

Na sallami mai saye. Ki koma wurin Kyaftin ki yi mako biyun, birkin nan dole ne, a wannan ban janye ba.

Ranar ashirin ga wata zan sauka Riyad. Kada a turo direba. Ki zo da kanki, kuma in mun iso ƙofar gida, ko duk maƙwabta suna tsaye, kada ki ba kowa kujerar.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Mutlaƙ