Man Bindigar Baba

Iloilo, 6 ga Maris

Zuwa ga Yayata Nenita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Hong Kong, yaya aiki da mutanen gidanku? Mu nan lafiya lau, Baba ma da sauƙi, sai dai gwiwar nan tasa.

Kayan bindigar wasan da kika aiko wa 'yarki Maricel sun iso: sabon inji, sifirin mai ƙarfi, da bututu da 'yar robarsa. Da hannunta ta kwance bindigar ta ɗaura su, ni kallo kawai na yi. Kwana biyu harsashin roba yana tafiya sambal. Ran Laraba sai abin ya rikice. Wani ya tashi sama, wani ya faɗi taku goma a gabanta. Dodong, wani yaro a ƙungiyarmu ta harbi wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri, cewa ya yi, "Maricel, auna bishiyar can, wataƙila ki same ni."

Ran Lahadi bayan coci zan zaɓi yara shida cikin ƙungiyarmu ta makaranta da za su je gasa a Cebu, kuma kin san ba zan sa ta don tana 'yar gida ba. Ta roƙe ni in gyara mata, na ƙi. Na ce ta riƙa gwada abu ɗaya ɗaya tana rubutawa, kamar yadda nake koya musu a ajin kimiyya. Yanzu ko gaishe ni ba ta yi sosai.

Kada ki ɗaga hankalinki cewa mai shago ya cuce ki, ba mu tabbatar ba tukuna.

Ƙaninki,
Efren

Iloilo, 11 ga Maris

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, zauna ki sha labari.

Maricel ta fara da batir, lafiyarsa ƙalau. Ta auna gudun harsashi a na'urarmu sau ashirin, bai canza ba. Ta rubuta a littafinta cewa inji da sifirin ba su da laifi, iska ma ba ta zurarewa, matsalar tana gaba. Da ta zura tsumma cikin bututun, ya fito jiƙe da mai. 'Yar robar da ke juya harsashi kuwa ta kumbura kamar waken da aka jiƙa. Ta kai tsumman hancinta, ta dube ni. Ni ma na gane. Ƙamshin hannun Baba ne tun muna yara.

Shekara uku yana kiran bindigar nan kayan wasa. Ashe ranar da ya ga ƙarafan da kika aiko ya yanke cewa ta zama bindiga. Kullum da safe, in Maricel ta tafi makaranta, sai ya ɗauko gwangwanin mansa na zamanin soja ya shafe ta ciki da waje. Bai san wannan man yana cin roba ba.

Na ba ta shawara ta mayar da tsohuwar robar ta yi shiru. Ba ta bi ba. Ran Asabar ta shimfiɗa kayan a gabansa ta ce, "Kaka, riƙe min tocila." Ta wanke bututun yana haska mata, ta ajiye robobin biyu a tafinsa. Ya daɗe yana jujjuya su. Can ya ce, "Wace irin bindiga ce mai tsoron mai?" Ta miƙa masa kwalbar man silikon, wanda ba ya cin roba, ta nuna masa inda ake ɗigawa da inda ba a kusanta. Shekara talatin a soja, Yaya, amma sai da ya sa ta maimaita.

Ran Lahadi ta zo ta huɗu. Za ta Cebu. Murnar hakan ba ta kai wadda na ji ran Asabar ba.

Baba ya biyo mu fili, gwiwa ko ba gwiwa, da kwalbar a aljihun gaba. Da Dodong ya kai hannu zai ɗauki bindigar, Baba ya doke masa yatsu ya ce, "Je ka wanko hannunka, akwai maiƙo."

In za ki yi aike, ki sako gilashin kare ido na manya. Ya ce da shi za a je Cebu.

Ƙaninki mai kewarki,
Efren