Tumunina a Jirgin D

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin sauƙi a makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma ba ka cika son karanta rubutuna ba, kullum sai ka ce haruffana sun yi ƙanana. Amma tun da na fita takaba bakina cike yake da magana, kuma wanda na saba juye wa ba ya nan. Ka yi haƙuri ka saurare ni yadda ka saba, kai a sunkuye kana gyaran ƙafar ɗan taragon wasa, kana gyaɗa kai alhali ba ka ji rabin abin da na ce ba.

Gida lafiya. Hitar ɗumama falo har yanzu tana wannan ƙarar da ka yi ta alkawarin za ka sa a duba. Teburinka na huluna da tabarau wani ɗan Maraɗi ne ya karɓa, yaron kirki ne, amma an ce bai iya ciniki kamar kai ba. 'Yarka Hadiza tana da ciki, ta ce in namiji ne sunanka za a sa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gado. An raba ranar Asabar bayan la'asar, a falonmu, limamin masallacinku ya zo da kansa. Kuma dole in faɗa maka gaskiya tun yanzu: yaranka ba su shirya ba. Ranar da ka rasu, ɗanka na fari, Babba, ya ce a yi maka sutura ba jinkiri, aka kai ka maƙabartar Musulmi a New Jersey. Ƙaninsa Sani yana cikin jirgin sama daga Texas, ya sauka ya tarar an gama. Shi so ya yi a kai ka Maraɗi, ko aƙalla a jira shi ya ga fuskarka. Tun ranar bai sake yi wa yayansa magana ba, ni ma da na goyi bayan a binne ka da wuri ya daina ɗaukar wayata. Ɗana ne, Alhaji, na goya shi a bayana, ga shi yana zaune a falona ranar rabon gado yana kallon bango. Wannan ya fi takabar kanta yi mini ciwo.

Sauran kaya an raba ba gardama. Har jiragen ƙasanka na wasa ma yawancinsu ba wanda ya ja: jajayen taragun nan na da, da korayen taragun titin Brooklyn masu sanda a ka, waɗanda ka ce an daina gudanar da su tun kafin a haife ka. Yara sun yarda a sayar wa masu tara irinsu, a yi maka sadaka da abin da aka samu. Da aka zo kan jirgin D ne falo ya ɗauki zafi.

Ka san dalili. Kai mutumin da ya tashi a ƙasar da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ranarka ta farko a New York ka shiga jirgin ƙasa mai harafin D a Grand Concourse, ba ka jin abin da ake faɗa a lasifika, ka kasa sauka har ya kai ka Coney Island, ka leƙa ka ga teku. Sau nawa ka ba mu wannan labari? Sau nawa yara suka riga ka faɗar ƙarshensa? Daga baya ka tsinci ɗan tarago mai launin azurfa a teburin tsofaffin kaya, da 'yar da'irar nan mai ruwan lemo da harafin D a goshinsa. Ka kawo shi naɗe a hankici. Na ɗauka na Babba ne, lokacin yana rarrafe, sai da ya kai hannu ka daka tsawa na gane na babban yaron gidan ne, wato kai.

Daga nan fa shi ke nan. Ka ce jirgin gaske taragu takwas ne, naka ma sai ya cika takwas, kuma kowane da lambarsa daban. Ranar hutunka ɗaya tal, sai ka sa kaftani da hula ka tafi zauren da tsofaffin Turawa ke baje irin waɗannan kaya, ka tsaya cikinsu kana taya farashi kamar kana kasuwar Maraɗi. Wani tarago ka same shi ba ƙafa, ka yi shekara kana neman ƙafar. Na ƙarshen kuwa wurin wani tsoho a Brooklyn yake, ya rantse ba zai sayar ba. Ka yi ta zuwa gaishe shi da ƙullin kilishi har ya gaji ya sakar maka. Kuma duk taragon da ya shigo gidan nan sai ka buɗe shi, ka sa hantsaki ka tsince 'yan mutanen robar da ke zaune a ciki, ka zuba a gwangwanin madara, don ka ce ba za ka ajiye mutum-mutumi a ɗakin da kake salla ba. A duk New York jirginka ne kaɗai D ɗin da ake samun wurin zama.

Na yi mita, ban musa ba. Na ce kayan wasa ne, na ce sun cinye mini kabad. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne ina son ƙararsu. Duk Babbar Salla in an ci an ƙoshi, ka shimfiɗa layin dogo a kan kafet, yara huɗu su kwanta rubda ciki, har masu gemu, ina kicin ina jin ƙit-ƙit ɗin ƙafafun yana zagaya falo. Lokacin nakan san kowa nawa yana gida. Me ya hana ni faɗa maka? Kunya ce kawai, da tunanin akwai sauran lokaci.

To ranar Asabar Babba ya ce shi ne babba, jirgin wurinsa zai zauna a Ohio. Sani ya buɗe baki karo na farko, ya ce shi ya riƙa tuƙa ka zuwa zaurukan nan, kuma tunda an hana shi gawa ba za a hana shi wannan ba. Auta Bashir ya ce da Turanci shi ya koya maka neman kaya a intanet. Hadiza ta fashe da kuka. Ni dai ina zaune, ina ganin idan ɗaya ya fita da jirgin nan, sauran ukun ba za su sake taka ƙofar juna ba.

Liman ya bari suka yi shiru, ya sa aka jera taragun a kan tebur. Ya ce matar mamaci tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, tarago ɗaya ke nan. Saura bakwai: maza uku kowa biyu, mace ɗaya. Ya ɗaga kai ya ce tun da yake rabon gado bai taɓa ganin wanda ya faɗa daidai haka ba. Ni kuwa taragun na zuba wa ido. Abin da ka yi rabin rayuwarka kana haɗawa, za a warware shi kafin magariba. Da gangan ka tsaya a takwas, Alhaji? Ko kai ma ba ka taɓa lissafawa ba?

Aka ce ni zan fara zaɓa. Na miƙa hannu na ɗauki wanda ya fi kowane tsufa, mai ƙarzuwa a gefe, wanda tagarsa ɗaya ta tsage. Liman ya sa mini albarka, ya ce wa yara su dubi uwarsu, ta bar musu masu kyau. Na sunkuyar da kai ban ce komai ba. Allah Ya yafe mini wannan shirun. Ni ce mai goge musu ƙura duk lokacin da kake wurin sana'a, hannuna ya san nauyin kowane. Wancan ya fi sauran nauyi, domin shi kaɗai ne mai inji a ciki. Sauran bakwai jan su ake yi. Yaranka sun yi shekaru suna kallon jirgin yana gudu, ba wanda ya taɓa tambayar wane tarago ne ke ja.

Kowa ya naɗe nasa ya tafi, Sani ko sallama bai yi mini ba. Bayan 'yan kwanaki Hadiza ta kira daga gidanta a Park Hill, wai mijinta ya sayo dogo sun ɗora nata ya ƙi motsi, ko ya lalace ne? Na ce lafiyarsa ƙalau. Sai na ji ta yi dariya, irin dariyarka, ta gane.

Jiya da hantsi wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan Sani. Ko gaisuwa bai gama ba ya hau faɗa, rabi Hausa rabi Turanci, wai an ba shi matattun taragu, wai yayansa ne ya shirya haka. Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa na yayansa ma ba sa tafiya, na Bashir ma haka, injin yana wurina, kuma haƙƙina ne, ba zan aika wa kowa shi ba. Wanda yake son ya ga jirgin ubansa yana gudu ya san hanyar gida. Can sai ya tambaye ni wace rana Babbar Salla za ta kama bana.

Bai ce zai zo ba, Alhaji, kada in yi maka ƙarya. Ranar kawai ya tambaya, na kuma faɗa masa. Yau na sauko da akwatin dogon daga saman kabad, na goge shi ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a inda hannu zai kai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa kan abin da ka bari. Sai mun iso.

Matarka,
Rabi