Kyamarar da Ba Ta Ga Gas Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sandarta, sai dai tun rasuwar matar Auta ba ta cika magana ba. Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk lokacin da na fara zancen nan a waya, kuka yake cin ƙarfina.

Ka san gobara ce ta yi ajalin Amarya, kamar yadda muke kiranta har bayan ta haihu biyu, amma ba a faɗa maka yadda abin ya faro ba. Ka tuna 'yar kyamarar nan mai ganin zafi da ka aiko wa Auta, wadda ake maƙalawa a wayar hannu? Ta yi masa amfani ƙwarai a shagonsa na gyaran firij, da ita yake gano wayar lantarkin da ta ɗau zafi tun ba ta ƙone ba. Wata rana yana sakin iskar wani tsohon firij a gaban bango mai zafin rana, sai ya ga inuwarta a fuskar wayar tana tashi kamar hayaƙi. Ya dawo gida yana murna, yana cewa yanzu ko iska ba ta isa ta ɓuya masa ba. Har Amarya tana tsokanarsa, wai ya haska tukunya ya gaya mata ko gishiri ya ji.

Da ta fara jin wari a ɗan ɗakin da take gasa kek na sayarwa, shi ta gaya wa. Bai yi wasa da maganar ba, Yaya, a gabana aka yi. Ya durƙusa ya haska tukunyar gas, ya bi tiyo, ya haska bayan murhu, bai ga komai ba. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, wataƙila ɓera ne ya mutu a wani lungu. Ta yarda da shi, domin bai taɓa ce mata abu ya zama akasinsa ba. Washegari da safe ta raka yara makaranta, ta dawo ta buɗe ɗakin da ya kwana a rufe, ta ƙyasta ashana.

A asibiti, kwanakin da ta yi, ba ta ambaci kyamarar ba ko sau ɗaya. Kek ɗin wata mata da ta yi wa alkawari take ta tambaya, da ko an wanke wa yara kayan makaranta. Daga baya wani jami'in kashe gobara ya yi mana bayani cikin tausayi. Ya ce irin wannan kyamara zafi da sanyin abubuwa take gani, gas na girki kuwa yakan wuce ta gabanta kamar babu shi. Kyamarorin da ke ganinsa daban suke, manyan kamfanoni ke riƙe su. Ya ce ta wata ƙaramar tsaga gas ɗin yake fita, a gefen tiyon da ya jingina da bango, ruwan sabulu ne zai iya nuna ta. Auta yana tsaye yana ji. Da ruwan sabulun ya saba neman yoyon gas tun yana koyon sana'a.

Tun ranar bai buɗe shago ba. Ya rame, wuni yake a ƙofar ɗakin da ya ƙone, yaran ma ni nake kwana da su. Ya lura ba ka kira shi ba tun gaisuwar farko, yana zaton fushi kake da shi. Ni kuwa na san ka, na san kunya ce da ciwon cewa daga hannunka abin ya fito. Kyauta ka yi da zuciya ɗaya, shi ma da zuciya ɗaya ya duba.

Jiya na kai masa abinci, ya ce da ni kowa sai haƙuri yake ba shi, kowa sai ya ce ba laifinsa ba ne, shi kuwa so yake wani ya dube shi ya yi masa faɗa. Tun rasuwar Baba, kai kaɗai ka isa. Don Allah ka kira shi, Yaya, ko faɗan ne ka yi masa, ka bar shi ya yi kuka.

Mama tana sa maka albarka. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, ka ce su riƙa sa marayun nan a addu'a. Allah Ya jiƙan Amarya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka