Kafireta Biyu da Bango Ɗaya

Matanzas, 3 ga Maris

Zuwa ga aminina Evelio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mirta da jikoki. Yaya ƙafar taka, har yanzu tana kumbura? Ni dai ina nan, daga ƙashi sai fata, amma ban faɗi ba.

Takardarka ta iso. Ka ce likita ya yarje maka tafiya ɗaya tak, kuma gida ka zaɓa, a watan Yuni, don mu shiga jar motarka mu bi bakin teku har gada. Shekara arba'in da huɗu ke nan da ka ajiye ta a garejina, ka miƙo mini makulli ka ce in riƙe maka na sati biyu, ka bar ƙasar. Evelio, satinka biyu akwai tsawo.

Na yaye mata bargo. Rabonta da tashi tun shekarun yunwa. Feturin da ya rage a tanki ya daskare kamar zuma, ga wari. Na kwance kafireta biyun a kan teburin cin abinci, kowane noti da kofinsa, yadda marigayi maigidanmu Fermín ya koya mana. Shi ne mai cewa mota mai kafireta biyu mawaƙa biyu ce, in ɗaya ya riga ɗaya jan numfashi waƙa ta lalace. Ɗan tulun tagullan da ke iyo a cikin ta gaba ya huje, ya sha mai ya nutse. Na tsiyaye shi na liƙe da dalma. Gaskit ɗin da ke hana mai yoyo ya rududduge, na yanko sabo daga tsohon takalmin matata Caridad, Allah ya ji ƙanta. Ba za ta ji haushi ba, ita ma ta sha iska a motar nan.

Za ta tashi. Maganar fitowa da ita kuwa, sai a takarda ta gaba.

Naka har kullum,
Anacleto

Matanzas, 14 ga Afrilu

Aminina,

Ina gaishe ka, ina gaida Mirta. Allah ya ƙara sauƙi.

Ta tashi! Na zauna a kan taya na yi kuka, ban kuma ji kunya ba. Ka ce in nemi littafin motar in duba. Ka manta karatuna na yaƙi da jahilci ne? Littafina kunne. Na sa bakin tiyo a maƙogwaron kafireta, ɗaya bakin a kunnena na dama, tunda na hagun ya daɗe da yin ritaya. In saurari hucin ta gaba, in saurari na ta baya, in murɗa kaɗan, har suka zama murya ɗaya.

Amma ga abin da ya hana ni sakat. Minti biyar tana tafiya sumul, daga nan sai tari, sai baƙin hayaƙi, sai ta mutu. In na ciro fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce mai ya yi mata yawa, na rage. Na sauya alluran kafireta. Sau uku ina kwance su ina ɗaurawa, ba abin da ya sake.

Ranar Talata na ƙi barin ta ta mutu, na ce yau sai na ga ƙarshen tarin nan. Kaina ya sara, ban san sanda na zube ba. Zoila, maƙwabciyata ta sama, ita ta ji hayaƙi yana ɓullowa ta ƙarƙashin gadonta, ta sauko ta jawo ni ta ƙafa har tsakar gida. Da na farfaɗo ta tsaya a kaina da ludayi a hannu ta ce, "Tsoho mai taurin kai, ba kafireta ba ce. Kai da motar duk iska kuka rasa."

Na ce ta koma ta ji da wakenta. Takarda ta ƙare.

Naka,
Anacleto

Matanzas, 20 ga Mayu

Evelio ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ka nemi wuri ka zauna.

Zoila ta yi gaskiya, ni ma na sani tun kafin ta faɗa. Garejin ba shi da ƙofa. A shekarar babbar guguwa gungumen da ke saman ƙofar ya tsage, ga ɗakin Zoila a kansa, ga tsohuwarta kwance ciki ba ta iya tashi. A yini ɗaya na toshe ƙofar da bulo don ɗakin ya sami abin dogara. Na ce da damina ta wuce zan rushe. Yau shekara talatin. Ta kicin nake shiga wurin motarka, a kaikaice. Duk takardar da na ce maka tana nan lafiya ban yi ƙarya ba, rabin magana dai na faɗa.

Na kira magini ya duba. Ya ce in na cire bangon, Zoila za ta sauko kan motar da gadonta da tukwanenta. Ƙarfen da zai tokare ginin kuwa an nema an rasa. Na wuni guda riƙe da guduma ina kallon bangon, ina jin takunta a sama. Na ajiye.

Kafiretocin nan daidai suke tun Afrilu. Ina ta murɗa su ne saboda noti yana murɗuwa, bango ba ya murɗuwa.

Ga iyakar abin da na iya. Maginin ya yarda na zare bulo ɗaya a ƙasa, na haɗa salansar motar da bututun ruwa zuwa titi, na zare biyu a sama don iska. Jiya ta yi awa guda ba tari ko ɗaya, har Zoila ta buga ƙasa da tsintsiya ta ce ya isa haka.

Ba za mu je gada ba. In ka ga tafiyarka ɗaya ta fi ƙarfin wannan, ba zan ga laifinka ba. In kuwa ka zo, ta kicin za ka shiga, ka zauna a sitiyari. Da goshi ka shigar da ita ranar, don haka ramin iskar yana bayanka. Na gyara madubi. In ka miƙe wuya kaɗan, za ka hango teku a cikinsa kamar faɗin tafin hannu.

Ka zo da fulogi huɗu.

Amininka,
Anacleto