Ƙanƙarar Mariam

Nguru, 15 ga Disamba, 2013

Abban Mariam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu? Mun ji a rediyo wai dusar ƙanƙara ta sauka a Masar. Tun jiya 'yarka ta hana ni sakat, ta ce a gaya wa "mutumin waya" ya aiko mata da ita tsaraba. Haka take kiranka har yanzu, shekara uku ba ta gan ka ba. Wannan ne karo na farko da ta roƙi wani abu a wajenka, don Allah kada ka ba ta kunya. Inna na gaishe ka.

Matarka,
Sabuwa

Ard al-Liwa, Alƙahira, 22 ga Disamba

Sabuwa,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna. Ni dai takaici ya ishe ni. Da aka ce ƙanƙara na tafe, sai na yi lissafi irin na gida: ai sanyi a bakin ruwa yake. Na tattara ɗalibai huɗu, muka cika mota sai tafkin Ƙaruna a Fayyum, har da faranti, wai za mu yi sulu a kai yadda muke gani a talabijin. Wuni muka yi iska na marinmu, ba komai sai taɓo da jiragen masunta a kife. Direba ya yi ta cewa "Yalla, khalas!", wato mu tafi ya isa haka, ina cewa a ƙara jira.

Muna dawowa muka ji ashe a bayan Alƙahira ta sauka, yara har mutum-mutumi sun gina a kan motoci! Ya'ƙub maƙwabcina, ɗan Sudan, ya ɗebo dunƙule guda ya adana a firji. Na roƙa ya ba ni, washegari aka ɗauke wuta. Abin da ya narke na ɗura a 'yar gora, ga ta nan ta hannun Malam Ismail da zai zo hutu. Ki sa a firji ta daskare kafin Mariam ta gani.

Mijinki,
Kamilu

Nguru, 9 ga Janairu

Abban Mariam,

Gaisuwa mai yawa. Saƙo ya iso ina makaranta, Inna ce ta karɓa. Da ta ga ruwa a gora daga gabas, ba ta tambayi kowa ba, ta ce zamzam ne. Kafin in dawo ta shafa a gwiwa, ta ba maƙwabta uku, ta ɗura wa Mariam ragowar da bismillah. Yanzu ma cewa take gwiwar ta yi sauƙi.

Na kasa ɓoye wa yarinyar. Ta dafa cikinta ta ce, "To ƙanƙarar Abbana tana nan ciki?" Abbana ta ce, da kunnena na ji.

Sabuwa

Alƙahira, 16 ga Janairu

Sabuwa,

Salamu alaikum. Kada ki gaya wa Inna komai. Zan kira ranar Juma'a bayan la'asar, ki ba Mariam wayar.

Kamilu