Akuyar Jan Littafi

Litinin, 3 ga Oktoba, 1955

Akwatin littattafan da maigidana, Malam, ya daɗe yana jira ya iso daga Zariya a kan jaki. A ɗakina aka ajiye shi, don gara ta cinye ƙyauren makaranta. Har hannu na wanke kafin in buɗe. Na zaci irin nawa ne, guda bakwai ɗin nan da na taho da su daga Ikara a ƙarƙashin kayan aure, masu fatake da jiragen ruwa.

Kaico. Kowane littafi an ɗiga masa fenti a baya: ja, kore, shuɗi. Malam ya ce doka ce, yaro ba ya taɓa kore sai ya gama ja, ba ya taɓa shuɗi sai ya gama kore. Na buɗe ja ɗaya. "Ga akuya. Akuya ta ci dusa. Akuya ta sha ruwa." Shafi goma sha biyu, akuyar nan ba ta ɓata ba, ba a sace ta ba, ko haihuwa ba ta yi ba.

Wa ya rubuta wannan, kuma me yara suka yi masa?

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na ce, "Malam, a bar yara su zaɓi abin da ransu ke so mana." Ya ce jariri ba ya fara da gasasshiyar masara. Na ce ai ko jariri ba a ba shi dusa. Bai yi dariya ba.

Litinin, 10 ga Oktoba

Iya Hajo, maƙwabciyarmu, ta shigo aron rariya ta zauna. Jikarta Bilki tana aji biyu. Uban yarinyar, Uwaisu, yana haƙar kuza a Jos. In ya aiko takarda, magatakardan dagaci ke karanta mata, kafin la'asar kuma duk garin nan ya san abin da ke ciki. Shi ya sa ta yarda aka sa Bilki boko.

"Amarya, shekara biyu ke nan ina surfe ni kaɗai. Auduga ta kusa buɗewa. In takarda ta gaba ta zo yarinyar nan ba ta karanta mini ba, wallahi gona za ta. Ku riƙe allonku na Nasara."

Na ce ta kwantar da hankalinta, Malam ya ce Bilki ce ta fari a ajinsu, har an ɗaga ta zuwa kore.

Laraba, 12 ga Oktoba

Kore ma akuya ce. An ƙara mata jaki.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Na yi abin da raina ya ba ni. Malam yana masallaci na kira Bilki, na baje nawa bakwai a tabarma, na ce ta ɗauki wanda take so. Ta ɗauki na 'yar fataken da ta yi shigar maza ta bi ayari neman wanta, wanda na fi ƙauna. Ta naɗe shi a gyale kamar an ba ta ƙwai.

Duk yinin nan ina ganinta a raina, ta girma, tana karanta wa mata labari a tsakar gida, ana cewa matar Malam Sada ce ta fara ba ta littafi. Har miyata ta kama.

Talata, 18 ga Oktoba

Ta dawo da shi. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta ajiye. Na kamo hannunta na ce ina ta kai, ayari ya haye kogi? Sai hawaye.

"Yaya Zulai, ni ba na son karatu. Baƙaƙen sun yi yawa. Gara auduga."

Na zaro jan nan na akuya na miƙa mata don in lallashe ta. Nan take ta gyara zama, ta fara rangaji gaba da baya kamar a makarantar allo, karatu na zuba ba gargada. Sai na lura tana faɗin shafi na biyar alhali na huɗu ne a buɗe. Na rufe hoton da tafin hannuna na ce, "Nuna mini ruwa." Ta ɗora yatsa a kan dusa.

Hadda ce. Tun daga bango har bango.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na tsaya jikin danga da hantsi na saurari ajin. Malam ya faɗi layi, yara talatin su amsa da ƙarfi, ya maimaita, su maimaita. Yadda aka biya masa allo haka yake biya musu akuya. Wanda ya kawo littafi duka da ka, a ba shi kore.

Na gaya masa da ya dawo. Ya ce Malam Jumare mai duba makarantu ya saurare su wancan watan ya rubuta "madalla". Na ce Malam Jumare ya rufe hoto? Ya ce, "Ke kuma da kika ba ta littafin manya, me ta karanto miki?"

Haushinsa nake ji, da na Jumare, da na mai fentin Zariya. Wadda ta fi ci mini rai ba zan rubuta sunanta ba, ita ke riƙe da alƙalamin.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na yagi takardu daga tsohon littafin rubutun Malam na ɗinke da zare. Na rubuta: "Akuyar Hajo ta ɓata." Wannan babu wanda ya taɓa biya mata. Ta yi ta kallo, ba rangaji. A-ku-ya. Ta kai Hajo ta ɗago kai. "Iyata?" Kalmar ƙarshe ta ci mana rabin sa'a. Da ta fito da ita ta zaro ido: "Wa ya ɗauke ta?"

Na ce sai gobe. Ta ce, "Kura ce ko?" Na ce in tana so kura ce.

Alhamis, 27 ga Oktoba

Jiya na sa "matsananciyar ƙishirwa", ta tsaya cik. Na goge. Dole na buɗe jan littafin in ga kalmomin da idonta ya saba da su. Ci, sha, ga, ruwa, gida. Ƙanana ne, kuma a jere suke, sauƙi kafin wuya. Har yanzu abin ƙyama ne. Dubawa kawai na yi.

Talata, 1 ga Nuwamba

Ita ke zaɓar abin da zai faru, ni ke zaɓar kalmomi. Akuya ta tsere wa kura, ta shiga gonar rake a Likoro, yanzu Bilki ta ce lallai sai ta hau jirgin ƙasa. Layi shida yau.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ya daɗe yana sauraronmu.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Takarda ta zo. Wani ɗan kasuwa ya kawo daga Makarfi. Iya Hajo ta shigo da ita a ƙulle a bakin zane, ta ce in zauna amma kada in buɗe baki. Na zauna a kan hannuwana.

Rubutun hannu ne, a karkace. Gaisuwar farko ta gagare ta, ta tsallake. Iya ta yi tsaki. Sai yatsa ya sauka ƙasa. "Na ji... ci-wo... a ƙa-fa. Na war-ke. Zan zo gi-da da ba-za-ra. Ka-da ki ga-ya wa ko-wa."

Layi huɗu ta iya cikin tara. Iya ta sa ta maimaita "na warke" sau uku. Ta share ido da gefen mayafi, ta juyo kaina.

"Amarya, kin ji dai abin da ya ce. Kowa."

Na ce ban ji komai ba, Iya.

"To. Auduga da yamma, boko da safe. Sauran layukan kuma ta biyo ni da su kafin bazara, 'yar nema."

Litinin, 14 ga Nuwamba

Malam ya ce in ba shi aron na akuyar Hajo ya gwada a aji, kowa shi kaɗai, ba amshi. Bai dube ni ba da yake faɗa. Na ce sai Bilki ta yarda, rabinsa nata ne.

Littafin 'yar fatake yana nan na ajiye mata a saman sauran. Ba yanzu ba.

Akwai guntun jan fenti a gwangwani cikin akwatin. Na ɗiga wa namu a baya kafin in ba shi. Don kada ya ɓace cikin tarkacen Malam ne kawai. Na fara ɗinka na biyu, mai layuka masu ɗan tsawo. Ban ga koren fenti ba tukuna.