Ma'aunin Ruwan Baba Tanimu

Maraɗi, Litinin

Zuwa ga Yaya Kubura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Inna? Kada ki faɗa mata abin da zan rubuta.

Kin sha yi mini tsiya wai na yi karatu har na zama malamar jami'a don in auna ruwan da Allah bai nemi shawarata a kansa ba. To, awon ya jawo jini.

Kin tuna Baba Tanimu, manomin ƙauyen bayan Jiratawa da na kafa ma'aunin ruwan sama a gonarsa? Gwangwani ne kawai da mazurari a bisa sandar ƙarfe. Shekara bakwai yana duba shi kowace safiya yana rubuta mini. Bana ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, shuka ta fara ƙonewa, sai magana ta tashi wai gwangwanin ne ya ɗaure sama.

Jiya ina gonar mutanen ƙauyen suka zo da sanduna da fartanyoyi. Tsohon ya rungume sandar ya ƙi saki. Yaya, a gabana suka fasa masa kai, suka tattaka shi, na ji ƙarar haƙarƙarinsa kamar karan dawa. Na faɗa kansa, aka karya mini yatsu biyu. Suka farfasa ma'aunin da dutse. Da ƙyar jandarmomi suka fitar da mu, yanzu yana kwance a likita, bai farfaɗo ba.

Laifina ne. Na bayyana wa ɗalibai ɗari aikin ma'aunin nan, ban taɓa zama na bayyana wa maƙwabtansa ba. Amma hotunan gajimare sun nuna ruwa na tafe. In ya sauka zukata za su huce, in mayar da shi gidansa da mutuncinsa.

Ƙanwarki,
Maijidda

Maraɗi, Jumma'a

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Hannun da sauƙi.

Ruwan ya sauka Laraba da hantsi, daga Tibiri har Jiratawa, gulbi ya cika ya batse. Ni sakarai har da hamdala. Ashe ni na manta lissafi: kwana uku kacal da fasa gwangwanin. Wa zai ƙara gaya musu ba shi ba ne? Ƙasa ba ta tsane ba suka koma suka rushe rumbunsa, suka kori matarsa da jifa. Tana ɗakina a unguwar Zariya, nan Maraɗi, goshinta a ɗinke. Ya rasa ƙauyen da aka binne cibiyarsa.

Yau ya farfaɗo. Na tsaya ina shirya yadda zan gaya masa, ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taga. Bai tambayi gida ba. Cewa ya yi in ɗauko littafinsa, in faɗa masa milimita nawa aka samu ya rubuta.

Yaya, ban sani ba. Ba wanda ya sani.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Maijidda